Harshe Ɗaya, Takarda Biyu: Abdu Mumuni da Gwagwarmayar Harshen Makaranta

   Wannan makon daga Zauro muke rubutu, kuma batun namu daga bakin fadama ya samo asali.

Duk wanda ya san Zauro ya san cewa idan shinkafa ta nuna, gari kan cika da baƙi masu neman aikin yanka da bugu, da yawansu daga ƙasar Doso da Dogon Dutse. A bara wani saurayi daga cikinsu ya saba da majalisarmu, kullum bayan isha'i yakan zo a sha shayi tare. Wani dare sai ya ciro wata takarda daga cikin leda, ya ce shaidar gama firamarensa ce, yana so mu duba masa ko za ta yi masa amfani a nan. Mu biyar ne a wurin, uku daga cikinmu da difloma, amma aka rasa wanda zai karanta layi ɗaya, domin da Faransanci aka rubuta ta. Muka miƙa masa tamu, shi ma ya juya ta ya mayar mana. Ga shi mun fi awa guda muna raha da Hausa, babu tafinta. Abin da ya bambanta mu a baka bai taka kara ya karya ba: mu ce makaranta ya ce lakwal, mu ce malam ya ce mushe, mu ce biro ya ce bik. Amma da takarda ta shigo, sai muka koma kurame.

Tun daga ranar muke tambayar kanmu: wa ya raba mu a kan takarda? Kuma a cikin magabatan da suka yi boko, babu wanda ya ga wannan ɓaraka ya yi magana? Bincike ya kai mu ga wani malami ɗan Nijar, Farfesa Abdu Mumuni Dioffo, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Abdou Moumouni. Da yawanmu mun san sunan ne kawai a jikin jami'ar Yamai. Kafin mu zo kansa, bari mu fara da iyakar.

YADDA AKA JA LAYIN

Kafin zuwan Turawa, Kabi da Arewa da Dandi da Zabarma ƙasashe ne masu cuɗanya da juna ta aure da kasuwa da yaƙi. Bayan Birnin Kebbi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, Kabawa ba su sake miƙewa sosai ba sai a 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tuta a Argungu. Waɗanda suka mara masa baya su ne Zabarmawan Doso da Arawa da Dandawa. Ke nan kakannin saurayin nan mai takarda da kakannin mutanen Argungu sun taɓa tsayawa a sahu ɗaya.

A watan Agustan 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi a kan taswira, daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi. A watan Yunin 1898 suka sake zama a Faris, suka ce iyaka ta bi Dallol Mauri, sannan ta zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram babu rijiyoyi, aka gyara layin a 1904, aka sake daidaita shi a 1906. Daga nan jami'an soja biyu, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, suka bi daji suna kafa alamomi har 1908. Babu Bakabe ko Ba'are ko Bazabarme da aka tambaya. Iyakar ƙasa ce aka ja, amma ta zama iyakar makaranta.

A ɓangarenmu, Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, kuma da Hausar boko aka fara karatu. Kada mu ɗauka don ƙaunarmu aka yi. Mulkin da ake yi ta hannun sarakuna yana bukatar malaman haraji da na kotu masu aiki da Hausa, kuma Turawan ba su so Ingilishi ya yaɗu a Arewa da wuri. Duk da haka Hausa ta ci riba: aka samu littattafai, aka samu Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

A ɓangaren Faransa kuwa, tun ranar farko da Faransanci ake yi wa yaro magana. Taron Barazabil na 1944, wanda aka yi don tsara makomar ƙasashen renon Faransa, ya jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar, harsunan gida kuma an hana amfani da su a aji. Akwai wani abu da suke kira "sambol", ƙashi ko guntun katako ko wani abin ƙyama, da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu. Shi kuma sai ya yi ta farautar wani ya miƙa masa, wanda abin ya kwana a hannunsa ya sha horo. Mu ma da muka biya tarar "banakula" a sakandare, mun san ɗanɗanon abin.

ƊAN TASAWA A FARIS

A cikin wannan tsari aka haifi Abdu Mumuni a Tasawa, ranar 26 ga Yuni, 1929. Asalin gidansu Zabarmawan Kirtashi ne a bakin Kwara, amma a ƙasar Hausa ya buɗe ido. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai. A 1944 ya shiga makarantar William Ponty da ke Sebikotan a Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na dukkan Afirka ta Yamma. Ita ce tamkar Kwalejin Katsina a wurinmu. A can Bubu Hama da Diori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu kafin shi, kuma dukansu da alli suka fara kafin siyasa.

Daga Dakar ya wuce Faris. Ya sami digiri a fannin fiziks a 1953, a 1956 kuma ya ci babbar jarrabawar gasa da Faransa ke tace manyan malamanta da ita. Ana lissafa shi a matsayin na farko daga Afirka baƙar fata ta renon Faransa da ya ci ta a wannan fanni. Mu lura da wannan sosai. Mutumin da daga baya zai ce a koyar da yara da harshen iyayensu, ba kasawa ya yi a Faransanci ba. Da shi ya zauna jarrabawa da 'ya'yan masu harshen, kuma ya ci.

Tun yana ɗalibi yake cikin gwagwarmaya. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, FEANF, da kuma jam'iyyar PAI da aka kafa a 1957 don neman cikakken 'yanci. Ya fara koyarwa a Dakar a 1956. Ranar 28 ga Satumba, 1958, Janar de Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama: a zauna ƙarƙashin inuwar Faransa, ko a tafi. A Nijar, Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba suka ce a'a, amma aka kayar da su. Gini ta Seku Ture ce kaɗai ta ce a'a ta tsira da ita. Faransa ta fusata, ta kwashe ma'aikatanta da malamanta, makarantu suka zama wayam. Sai wasu matasan masana na Afirka suka ajiye aikinsu mai albashi da fansho suka nufi Konakiri don cike gurbin. Abdu Mumuni yana cikinsu, tare da masanin tarihin nan na Burkina Faso, Joseph Ki-Zerbo. Wannan shi ne darasinsa na farko a aikin gwamnati: malami yakan je inda ake bukatarsa, ko da ba can ne romo yake ba.

LITTAFIN 1964

Bayan Gini ya dawo Yamai ya koyar na ɗan lokaci, sannan a farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike a kan makamashin hasken rana. A 1964 kamfanin Maspero na Faris ya buga littafinsa L'Éducation en Afrique, wato Ilimi a Afirka. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1968. Har yau masu nazarin ilimi a nahiyar nan suna komawa gare shi.

Ga abin da muka fahimta daga hujjojinsa, a taƙaice. Na farko, Afirka tana da tarbiyya da ilimi kafin Bature, kuma ilimin nan a haɗe yake da rayuwa: yaro yana koyo yana aiki, al'umma duka malamansa ne. Na biyu, makarantar mulkin mallaka an gina ta ne don samar da 'yan kaɗan da za su taimaka wa mai mulki, tafinta da akawu da ɗan sako, don haka ba abin mamaki ba ne idan ta bar mafi yawan jama'a a waje. Na uku, samun 'yanci bai sauya komai ba idan aka riƙe manhaja da harshen wancan tsari. Na huɗu, kuma shi ne ya fi jan hankalinmu, ba za a ilimantar da talakawa gaba ɗaya ba, yara da manya, sai da harsunan da suke magana da su. Bai ce a kori Faransanci ba. Ya ba shi matsayinsa na harshen hulɗa da duniya, wanda za a koya da kyau bayan an kafa tushe.

Wanda ya taɓa koyarwa a firamaren ƙauye ya san gaskiyar wannan ba sai an buɗe masa littafi ba. Yaro ɗan shekara shida da ke raka uwarsa kasuwar Ambursa ya iya lissafin canji sarai. Ka kai shi aji ka tambaye shi lissafin nan da harshen da bai taɓa ji a gida ba, sai ya yi shiru, a rubuta masa sifili. An ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, koyon harshe da koyon darasi, sannan aka auna shi da mudun ɗaya. Da haka yara masu basira ke ɗauka su dakikai ne, su bar makaranta.

Wani zai ce ai da Faransanci ya rubuta littafin. Haka ne. Waɗanda ke riƙe da ma'aikatun ilimi a lokacin da shi suke karatu, kuma su yake so su ji.

DAGA ALLO ZUWA OFIS

Daga 1964 zuwa 1969 yana Bamako, yana koyarwa a babbar makarantar horon malamai, kuma ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A tsakanin nan, a 1967, ya sami babban digirin dakta na ƙasar Faransa. A 1969 ya dawo gida ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, har zuwa 1985. A nan aka riƙa ƙera tukwanen dumama ruwa da murhun girki da na'urar tace ruwa masu aiki da rana. A yau da ake kafa faifan sola a rijiyoyin burtsatse na fadamarmu, ya kamata mu san cewa wani ɗan yankin nan ya hango haka fiye da shekara hamsin da suka wuce. Tunaninsa a kan rana da tunaninsa a kan harshe ɗaya ne: ka fara da abin da Allah ya hore maka a ƙofar gida, kafin ka miƙa hannu waje.

A 1979 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai, ya riƙe ta 'yan shekaru. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu, 1991, watanni kaɗan kafin a ƙirƙiro jiharmu ta Kebbi ranar 27 ga Agusta. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Allah ya jiƙansa da rahama.

To me ya biyo bayan kiran nasa? Ba za mu ce shi kaɗai ya jawo komai ba, amma ga yadda abubuwa suka gudana. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don tsara haruffan Hausa da Fulfulde da Zabarmanci da Barbarci da Buzanci da Mandinko. A 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa kafin a shigo da Faransanci, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa harsuna biyar. A 1980 masana daga Nijeriya da Nijar suka zauna a Yamai don daidaita rubutun Hausa, ko da yake har yanzu mu muna rubuta 'ya'ya, su suna rubuta ƴaƴa. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, dokar 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa goma. Sai dai makarantun nan sun shekara da shekaru ana kiransu "na gwaji". Jarrabawa da takardar ɗaukar aiki suna hannun Faransanci, wanda 'yan tsiraru ne suka iya shi. Iyaye kuwa ba wawaye ba ne, inda suka ga aiki nan suke tura 'ya'yansu.

Abin mamaki, a Yamai ɗin nan ne aka haifi ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ranar 20 ga Maris, 1970, kuma Shugaba Diori Hamani, wanda ya taɓa koyar da Hausa da Zabarmanci a Faris, yana cikin iyayenta. Sakatarenta na biyu ma ɗan Nijar ne, Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wanda jami'ar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Bayan shekara 55, a watan Maris na 2025, gwamnatin soja ta Janar Abdurrahman Tiani ta fice daga ƙungiyar, sannan sabon kundin da ta sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Mun tuna yadda aka yi ta murna a wannan zaure a lokacin. Za mu dawo kan wannan murna.

INDA FARANSANCI KE KUKA

Sakataren farko na waccan ƙungiya ɗan jarida ne daga lardin Kebek na Kanada, Jean-Marc Léger. Me ya kawo mutumin Kanada Yamai? Amsar tana da darasi. Harshen da ke rataya wa yaran Doso sambol, shi ne ake dannewa a Kanada, inda masu shi ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'a ba.

A 1912 lardin Ontariyo ya fito da Doka ta 17, wadda ta taƙaita koyarwa da Faransanci ga shekara biyu na farkon firamare. A watan Janairun 1916, a makarantar Guigues da ke Ottawa, hukuma ta nemi hana wasu malamai biyu 'yan uwan juna, Diane da Béatrice Desloges, shiga aji saboda sun ƙi bin dokar. Iyaye mata suka mamaye makarantar suna gadinta, makaminsu dogayen alluran da suke soke huluna da su, suka hana 'yan sanda shiga. A 1927 aka daina aiki da dokar. A 1969 Kanada ta yi dokar da ta daidaita Ingilishi da Faransanci a ayyukan gwamnatin tarayya. A 1982 sashe na 23 na kundin 'yancin ɗan ƙasa ya ba marasa rinjaye haƙƙin karatun 'ya'yansu da harshensu da kuɗin gwamnati. A 1990, a shari'ar Mahé, kotun ƙoli ta ce haƙƙin ya haɗa da su riƙe ragamar makarantun da kansu. A 2016 Firimiyar Ontariyo, Kathleen Wynne, ta tsaya a majalisa ta nemi gafara a kan Doka ta 17.

Abu biyu muka ɗauka daga nan. Na farko, babu harshen da aka halitta azzalumi. Wanda ke riƙe da makaranta da kotu da baitulmali shi ke danne na ƙasa da shi, kuma mai dannewa a wani gari shi ake dannewa a wani. Na biyu, waɗancan mutane ba su tsaya ga kirari ba. Makaranta suka nema, da malamai, da kasafin kuɗi, da doka da za a iya kai ƙara a kanta. Kuma daga 1912 zuwa 1990 shekara 78 ce.

MU A NIJERIYA FA?

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a yankinsa. Kafin nan, tun 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, kuma sakamakon ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin. Sashe na 55 na tsarin mulki ya ce za a iya gudanar da majalisar tarayya da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadi, tanadin da har yau muke jira. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya, lokacin ministan ilimi Malam Adamu Adamu, ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukkan shekarun firamare. A watan Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke manufar, aka koma Ingilishi. Shekara uku kacal. A tsakanin nan, littafin lissafi ko na kimiyya nawa na Hausa muka gani a hannun ƙannenmu?

Shi kansa Faransancin haka muka yi masa. An kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri a 1991. A 1996 Janar Sani Abacha ya ce zai zama harshen hukuma na biyu, aka kuma rubuta haka a manufar ilimi ta 1998. Jihar Kebbi tana iyaka da ƙasashe biyu masu aiki da Faransanci, Nijar da Benin. 'Yan kasuwarmu suna ratsa Kamba zuwa Gaya kullum, ana miƙa musu takardun kwastan da ba su iya karantawa. Amma ga masu difloma uku a majalisa ɗaya sun kasa karanta takardar firamare. Laifin namu ne mu ma, don babu wanda ya ɗaure mana hannu. Mun yi sakaci da harshen gida a aji, mun yi sakaci da harshen maƙwabci, Ingilishin da muka riƙe kuma rabi da rabi.

GYARA KAYANKA

Yanzu mu dawo kan murnar 2025. Hausa ta cancanci matsayin da ta samu a Nijar, domin ita ce harshen da mafi yawan jama'ar ƙasar ke ji. Amma mun ga wasu 'yan uwanmu masu wasu harsunan sun yi guna-guni, kuma mun ga yadda wasunmu suka mayar musu da baƙar magana a shafukan sada zumunta. A nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi kanmu.

A jihar nan tamu akwai C'lela a ƙasar Zuru, akwai Dukanci da Kambarci, akwai Gunganci da Shanganci a ƙasar Yawuri, akwai Zabarmanci da Dandanci da Fulfulde. Akwai Kyangawa, waɗanda mafi yawansu yau sun bar harshensu, da yawa sun koma Hausa. Ba Faransanci ne ya cinye Kyanganci ba, ba kuma Ingilishi ba. Idan yaro ɗan Zuru ya zo karatu Birnin Kebbi ya yi magana da ɗan uwansa da harshensu, sau nawa muke kwaikwayonsa muna dariya? Sau nawa muke kiran harshen wani "yare" da sigar raini, namu kuma "harshe"? Ba mu rataya wa kowa ƙashi a wuya ba, amma dariyar nan aikin sambol take yi. Yaron zai girma ya ƙi koya wa 'ya'yansa, jikokinsa kuma su tashi ba su san sunan kakansu na gaskiya ba.

Hujjar da muke kafawa a gaban Ingilishi da Faransanci, cewa yaro ya fi fahimta da harshen da ya sha a nono, ba ta Hausa kaɗai ba ce. Idan gaskiya ce a Zauro, gaskiya ce a Zuru. Mu tuna cewa mutumin da ya kafa wannan hujja a 1964 Bazabarme ne da aka haifa a ƙasar Hausa, kuma bai ware harshen gidansu ya ce shi kaɗai za a ɗaukaka ba.

ABIN DA ZA MU IYA

Mu marubuta ne, ba ministoci ba, don haka ba za mu yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinmu ba. Amma akwai abin da ke hannunmu. Muna rubuta labaran soyayya da waƙoƙi, madalla, to a cikinmu akwai masu difloma a injiniyanci da aikin gona da kiwon lafiya. Ƙaramin littafi na Hausa a kan yadda faifan sola ke aiki, ko lissafin taki da iri a kadada ɗaya ta shinkafa, ba ya bukatar izinin Abuja. Duk lokacin da aka soke manufar harshen uwa, hujjar da ake kawowa ta haɗa da rashin littattafai da malamai. Littattafan nan wa ake jira ya rubuta?

Na biyu, idan ƙungiyoyinmu za su yi taron Ranar Hausa ta Duniya ranar 26 ga Agusta, ko ranar harshen uwa ta 21 ga Fabrairu, mu gayyato marubutan Zuru da Yawuri da Kamba, a ba su lasifika su karanta nasu da harshensu, a fassara mana. Na uku, duk wanda Allah ya ba dama a cikinmu ya koyi Faransanci, ko don kasuwa da zumunci. Abdu Mumuni ya nuna cewa mutum zai iya ƙwarewa a harshen wani ba tare da ya sayar da nasa ba.

Shi kuwa saurayin nan, da aka gama bugun shinkafa ya koma gida da takardarsa a cikin leda. Kafin ya tafi mun kai shi wurin wani dattijo da ya taɓa zama a Yamai, ya karanta mana ita. Ashe da sakamako mai kyau ya gama. Da muka faɗa masa, sai ya yi murmushi ya ce ai ya sani, mu ne ba mu sani ba.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Tawa da Damagaram da ke cikin zauren, musamman waɗanda suka yi makarantun gwaji ko suka koyar a cikinsu, muna roƙon ku ba mu labarin yadda abin yake a aji. 'Yan uwanmu na Zuru da Yawuri, zauren naku ne, ku faɗa mana gaskiya ko da za ta yi mana ɗaci. Inda muka yi kuskure, malamanmu su gyara mana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon ɗorawa daga inda suka tsaya. Sai mako mai zuwa idan mai kowa mai komai ya kai mu.